Yadda za ku kula da tsohon da jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suka fara yoyon jini

Idan likita ya fito ya ce muku Baba ko Hajiya ta samu zubar jini a ƙwaƙwalwa, kafin ku tambayi kuɗi ko ranar sallama, ku tambaye shi wannan: a ina jinin ya zuba, can ciki ne ko ta sama kusa da ƙoƙon kai? Amsarsa ita za ta nuna muku irin kulawar da tsohon zai buƙata daga ranar. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a nan Makka, haifaffiyar Misfala, kuma gwaggona, yayar mahaifina, tana ɗauke da ciwon da zan yi bayani a kai. Abin da nake gani a wurin aiki da abin da nake yi a gida na haɗa na rubuta wa 'yan'uwana na Shara Mansur da Hindawiyya da Jidda, da masu saukar tsofaffi daga gida lokacin Umara da Hajji.

Zubar jinin da muka fi sani a cikinmu na hawan jini ne. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna kusan kashi 32 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki fashewar jijiya ce ta kayar da su ba toshewa ba, kuma hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba. Irin wannan can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa yake aukuwa, yana kama har ɗan shekara 40. Amma akwai na biyu, na tsofaffi, wanda yake zuba a ɓawon ƙwaƙwalwa ta sama, sau da yawa ta wajen ƙeya. Shi ko mutum bai taɓa hawan jini ba yana iya samunsa, kuma tushensa shi ne ciwon gwaggona da zan yi bayani a kai.

Ga yadda abin yake. Kullum ƙwaƙwalwa na fitar da wani furotin mai suna amiloyid, kullum kuma tana wanke shi ta gefen jijiyoyin jini. Idan shekaru suka ja sai wankin ya yi rauni, furotin ɗin ya riƙa maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyi, yana cinye naman da ke ba su ƙarfi da laushi. Kun san tiyon ruwan da aka bari a saman gida ranar Makka ta yi shekaru tana dukansa: ruwa na bi ta ciki, amma ya bushe ya yi tauri, da an ƙara ƙarfin famfo sai ya tsage. Haka jijiyar take komawa. A takardun asibiti, da yake da Turanci ake rubuta su, za ku ga an taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, CAA. Wannan furotin ne dai ake samu a cutar mantuwa ta Alzheimer, sai dai a can tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake taruwa. Binciken gawa ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffi na da shi da yawa a jijiyoyinsu, a masu Alzheimer kuwa kusan rabi. Akasarinsu jinin bai taɓa zuba musu ba. Amma wanda ya zuba masa sau ɗaya, haɗarin ya sake zuba ya kai kusan 7 cikin 100 a kowace shekara, alhali a zubar jinin da ba na amiloyid ba bai wuce kusan 1 cikin 100 ba. Har yau babu maganin da ke wanke shi daga jijiya, ba na asibiti ba, ba na gargajiya ba. Abin da ke hannunmu shi ne rage abin da zai fasa jijiyar, da kawar da abin da zai hana jinin tsayawa in ta fashe.

Mu fara da ranar da abin ya faɗo. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, amai, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, magana ta sarƙe, ko farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, waɗannan kowa zai gane. Wanda ake yawan wucewa shi ne na wajen ƙeya, inda gani yake: tsoho ya daina ganin duk abin da ke ɓangare guda, yana cin karo da bakin ƙofa, ko ya ci rabin faranti ya bar rabi bai san da shi ba. Wani kuma ruɗewa kawai zai yi, ya kasa gane hanyar banɗaki a gidan da ya shekara talatin. Da kun ga ɗaya daga ciki, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997, ko 911 a yankin Makka. Ku kwantar da shi ta gefe, kai a ɗan ɗage, ku kwance masa wuyan riga. Kada a ɗura masa komai a baki, ko zuma ko zamzam. Mai wannan ciwo sau da yawa haɗiya ta lalace masa, ruwan huhu zai wuce. Ku shafa masa zamzam ɗin a fuska, ku yi masa tofi da ruƙiyya a cikin mota ana tafiya, ɗaya ba ya hana ɗaya. Kada a soka masa allura a yatsu kamar yadda wani saƙo ke yawo a WhatsApp, kada a kira mai ƙaho, kuma don Allah kada a ba shi asfirin. Babu mai iya bambance toshewa da fashewa da ido, ko likita, sai an ɗauki hoton CT. Na san tsoron da ke riƙe wasunmu a gida, maganar iƙama (takardar izinin zama) da ta ƙare da maganar kuɗi. A bar su sai jinin ya tsaya. Na ga tsofaffin da aka kawo bayan kwana biyu ana jiran shawarar babban ɗa, abin da za a iya yi musu a awannin farko ya riga ya wuce. Ku tafi da duk magungunansa a leda, domin in yana shan maganin tsinka jini akwai allurar da ke karya ƙarfinsa, kuma kowane minti na da amfani.

Akwai kuma wata ƙaramar alama da takan riga babban faɗuwa zuwa, ita nake so ku fi riƙewa. Gwaggo na zaune bayan Magariba tana jan carbi ta ce, "'Yar nan, zo ki gani, ƙiyashi na bin hannuna." Daga babban yatsa da manuni ya fara, carbin ya suɓuce mata. Ina riƙe da hannun tana faɗa mini inda ya kai: wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, sai gefen leɓe, harshenta ya yi nauyi. Tafiyar ta ɗauki 'yan mintoci. Kafin a kira Isha ya sake ta, har tana tambayar shayi. Na ce, "Gwaggo, asibiti za mu." Ta ce ai sanyi ne, ya wuce. Na dai lallaɓa ta muka tafi. Wata maƙwabciyarmu da ta ji labari, da kyakkyawar niyya, ta aiko yaro da asfirin ɗin yara, wai ƙaramar jalɗa ce, wato toshewar jijiya.

Abin ya yi kama da ƙaramar toshewar jijiya mai wucewa, wadda asfirin ne maganinta, shi ya sa yake da haɗari. Bambancin yana a yadda ya zo. Na toshewa lokaci guda yake sauka, hannu da fuska tare. Na amiloyid kuwa rarrafe yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa, galibi ya wuce kafin rabin awa, kuma in ya dawo ta hanyar da ya bi yake sake bi. Wani walƙiya yake gani tana yaɗuwa a ido. Dalilinsa ɗan jini ne da ya tsiyaya a saman ƙwaƙwalwa yana tsokanar wurin, kuma mai irin wannan yana cikin waɗanda suka fi kusa da babbar zubar jini. A ba shi asfirin ko abin da ya fi shi ƙarfi, an ƙara masa haɗari ke nan. In abin ya faru a gabanku, ku ɗauki bidiyo da waya, ku rubuta inda ya fara, inda ya tsaya, da mintocin da ya ɗauka. Ku je asibiti ran nan ko da ya warware, ku faɗa wa likita da bakinku cewa tafiya ya yi a hankali, ku roƙi a yi hoton MRI kafin a ɗora shi a kan maganin tsinka jini.

Ba kowane MRI ne ke nuna shi ba. Ku tambaya ko an haɗa da irin ɗaukar da ake kira SWI, wadda ke kamo ragowar sinadarin ƙarfe da tsohon jini ya bari. A hoton Gwaggo likita ya nuna mini ɗige-ɗige baƙaƙe a gefe-gefen ƙwaƙwalwa ta baya, da wani siririn layi baƙi da ya bi lanƙwasar saman kai ta dama, daidai wurin da ke kula da hannun hagun nata. Ɗigon da ke gefe na amiloyid ne, wanda ke can tsakiya na hawan jini ne, wani tsohon ma ya haɗa duka biyu. Likitoci na yanke hukunci ne da ƙa'idojin Boston, waɗanda likitocin asibitin Massachusetts General na Amurka suka fara tsarawa a shekarun 1990, aka sabunta su a 2022, kuma daga ɗan shekara 50 zuwa sama ake amfani da su. Ku shirya tsohuwa kafin ranar: na'urar na da ƙara, za ta kwanta shiru kamar rabin awa, a cire 'yan kunne da awarwaro, a wanke kwalli, a kuma faɗa in akwai batirin zuciya ko ƙarfe a jiki. 'Yan'uwanmu na Sudan, su Mai Wurno da Madani da Gadarif, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 samun MRI ya yi musu wuya. In CT kaɗai aka samu ba a yi asara ba. Akwai ƙa'idojin Edinburgh na 2018 da ke duba siffar jinin a CT, ko ya malala zuwa saman ƙwaƙwalwa, ko ya miƙa rassa. A nemi likitan ƙwaƙwalwa ya ga hoton kansa, ba takardar bayani kaɗai ba.

Bayan an tabbatar, aikin farko a gida shi ne jakar magani. Ku ɗauko faranti babba ku zazzage komai: na cikin leda, na ƙarƙashin matashi, na aljihun jallabiya, na cikin jakar Harami. Na Gwaggo a gwangwanin biskit yake. Na tarar da Brufen na ciwon gwiwa, Voltaren da wata ƙawarta ta ba ta, maganin mura iri biyu, da wasu kafso a ƙulle cikin farar leda ba suna, wai maganin sanyin ƙashi da wata mahajjaciya ta zo da shi. Brufen da Voltaren da Cataflam da danginsu suna tayar da hawan jini, suna kuma rage wa jini saurin daskarewa. A mayar da tsoho kan Panadol, bisa adadin da likita ya ce. Maganin mura mai buɗe hanci yakan ƙunshi abin da ke matse jijiya, kuma lokacin Hajji kowa na shansa, don haka ku faɗa wa mai saidaliyya, wato kantin magani, ciwon tsohon kafin ya miƙo muku. Duk abin da ba shi da suna a jikinsa a zubar.

Asfirin ɗin yara mai lamba 81 ya zama kamar al'ada a gidajenmu, tsoho ya sha kullum wai don kariya ba tare da wani likita ya rubuta ba. An gwada wannan. Binciken ASPREE ya bi mutum 19,114 a Ostareliya da Amurka, akasarinsu 'yan shekara 70 zuwa sama masu lafiya. A 2018 aka ga asfirin kullum bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai ƙarin zubar jini, kuma nazarin da ya biyo baya a 2023 ya nuna zubar jini a cikin kai ta ƙaru da kashi 38 cikin 100. Wanda ke sha don raɗin kansa, a gaya wa likita a tsayar.

Amma a nan sai an yi hattara ƙwarai, domin akwai wanda likita ne ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini bisa dalili mai ƙarfi. Mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya in ya bar warfarin yana iya mutuwa. Wanda aka sa wa ragar buɗe jijiyar zuciya kwanan nan yana buƙatar Plavix. Mai bugun zuciya mara tsari da ke shan Eliquis ko Xarelto, in ya daina gudan jini na iya tafiya ƙwaƙwalwa, in ya ci gaba jijiya na iya fashewa. Ba ɗa ko jika ne zai yanke wannan ba, ba kuma likita guda ba. Aikinku shi ne ku tabbatar likitan zuciya ya ga hoton MRI, likitan ƙwaƙwalwa ya san halin zuciyar, su yi magana da juna. Sau da yawa kowa a asibitinsa yake, bai san abin da ɗayan ya rubuta ba, ku ne gadar da ke tsakaninsu. Ku tambaya kuma ko tsohon ya dace da ƙaramin aikin da ake yi ta jijiyar cinya a toshe wani ɗan aljihu a zuciya inda jinin ke daskarewa, domin wasu da shi suke samun barin maganin. Haka in an yi muku tayin sababbin alluran Alzheimer, lecanemab da donanemab, ku fara faɗin CAA. Suna iya jawo kumburi da zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma masu wannan ciwo ne suka fi shiga haɗarinsu.

Sai awon jini. Ko da yake ba hawan jini ne ya kawo ciwon ba, saukar da shi ne kariya mafi ƙarfi da aka sani. A binciken PROGRESS, masu shan maganin saukar da jini sun samu ragin irin wannan zubar da kashi 77 cikin 100, duk da cewa waɗanda abin ya shafa ba su da yawa. Yawanci ana neman ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80, amma likita ne zai sa wa kowa iyakarsa, domin tsoho mai rauni in jinin ya yi ƙasa da yawa jiri zai kayar da shi. Ku sayi na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ya zauna kan kujera minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba gahawa ba shayi rabin awa kafin nan, ba hira. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da dare, a rubuta a littafi da kwanan wata. Littafin nan ya fi awon da za a yi masa sau ɗaya a asibiti yana cikin fargaba. Ranar da awo ya yi kyau ba ranar barin magani ba ce, maganin ne ya sa ya yi kyau.

Gishirin da ke cutar da tsofaffinmu ba na cikin cokali ba ne kawai, yana cikin dunƙulen Maggi, da cuku, da zaitun, da turshi, da wake na gwangwani. Ni nakan ɗebi miyar Gwaggo kafin a jefa dunƙule, in ƙara mata daddawa da albasa. Da azumi, a je wurin likita tun cikin Sha'aban ya faɗi ko za ta iya, ya kuma gyara lokutan magani zuwa sahur da buɗa-baki. A kawar da irƙisus, abin shan nan na saiwa mai zaƙi, daga gabanta gaba ɗaya, domin yana riƙe gishiri a jiki ya tayar da jini sosai. Ƙaho kuwa, ba na jayayya da falalarsa, amma ba ya kaiwa ga jinin da ke cikin ƙoƙon kai ko da a ƙeya aka kafa shi. Mai so ya tambayi likita tukuna, ya je cibiya mai lasisi, mai shan maganin tsinka jini kuma ya haƙura.

A kiyaye faɗuwa. A ɗauke ƙananan dardumai masu santsi daga hanya, a bar fitila a kunne tsakanin gado da banɗaki saboda tashin Asuba, a sa kujerar roba a wurin alwala. In jiri na ɗibarsa ya yi salla a zaune, shari'a ta ba shi dama. In ya matsa sai ya yi ɗawafi, a kai shi a keken guragu ta hawan sama, da dare ko bayan hantsi kafin rana ta take, da ruwa a hannu. Duk faɗuwar da kai ya bugu, a kai shi a duba ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Za ku iya lura tunaninsa ya yi nauyi, yana daɗewa kafin ya ba da amsa, lissafin kuɗi na ruɗa shi. Wannan a hankali yake zuwa, haƙuri yake so da rage masa hayaniya. Amma in cikin 'yan kwanaki ko makonni ya birkice, ga ciwon kai, ga ruɗewa, ga farfaɗiya, kada a tsaya a kan sammu ko tsufa. Akwai nau'in da jiki ke yaƙar amiloyid ɗin har jijiyoyi su kumbura, kuma shi yana jin maganin kotizon, mutane da yawa sukan dawo hayyacinsu in an fara da wuri. 'Ya'ya kan tambaye ni ko za su gada. Akasari na tsufa ne. Wanda ake gada kai tsaye a wasu zuriyoyi ƙalilan aka san shi, kamar na garuruwan Katwijk da Scheveningen a Holan, kuma shi tun mutum na shekara 40 zuwa 60 yake bayyana.

Abu na ƙarshe, ku yi masa kati. Ƙaramar takarda mai kauri, da Larabci da Turanci, likita ko ma'aikaciyar jinya ta rubuta: sunan ciwon, ranar da aka yi MRI, magungunan da yake sha, lambar wayar mutum biyu daga cikin 'ya'yansa, da gargaɗin kada a ba shi maganin tsinka jini ko allurar narkar da gudan jini sai likitan ƙwaƙwalwa ya gani. A sa shi tare da iƙama ko fasfo, a ɗauki hotonsa a wayar duk wanda ke raka shi. In zai koma Kano ko Damagaram ko Bur Sudan, ku karɓi hotunan a faifai daga sashen hoto kafin tafiya, ku haɗa da maganin hawan jini na wata uku, ku rubuta sunan sinadarin kowane magani ba sunan kamfani kaɗai ba, domin a can da wani suna za a sayar muku da shi.